Na Tara wa Taubashina 'Yan Jaje, Ga Shi Zai Rasa Lasisi

Anti Azara, assalamu alaikum. Don Allah don Annabi ki taimake ni, kuma ki hanzarta, don kwana biyun nan ko shayi na kai baki ɗaci yake mini. Ki fahimce ni tun daga farko, ba wani laifi na yi ba. Wasa na yi. Wasan ne ya girma ya fi ƙarfin mai shi, kamar ɗan akuyar da aka saya wa yara, aka wayi gari yana tunkuyin maigida.

Ni a Handsworth nake a nan Birmingham, ina aiki a wani shagon nama a Soho Road. Asalinmu Zangon Kumasi ne. Allo na yi, boko kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba, wannan rubutun ma a waya na koye shi, in kin ga kalma ta karkace ki miƙe ta da kanki.

Ina da taubashi mai suna Ubaidullah, ɗan ƙanwar Babana da aka kai aure Zariya. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, kin ga ke nan bawana ne halak malak, ko da yake shi kullum cewa yake in nuna masa inda aka sa hannu. Yana Manchester yana karatun dakta a wata jami'a da ke Oxford Road, wai a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Anti, wannan bawan Allah safa yake gogewa. In ya sayi maganin ciwon kai sai ya karanta takardar cikin kwalin gaba da baya, kafin ya gama kan ya daina ciwo da kansa. Tun muna yara da ake kawo shi hutu Kumasi nake tsokanarsa, na sa masa gishiri a koko, na ɗaure masa igiyar wando a ƙafar gado, bai taɓa fushi ya kwana da shi ba. Ni ina kiransa Dakta Rijiya, shi yana kirana Ɓarawon Tsire. Haka muke.

To maganar lasisi. Dakta ya sha wuya kafin ya samu lasisin ƙasar nan. Ya faɗi gwajin tuƙi, ya sake faɗi, ya sake, har mai gwajin ya fara tambayarsa ya mutanen gida. Bara Allah ya tausaya masa ya ci. Ya sayi wata tsohuwar jar mota mai tari da asuba, na raɗa mata suna Hajiya Babba. Ki raina ta ko kada ki raina, ita ce ƙafarsa. Da ita yake zagayen aikin kula da tsofaffi a gidajensu, can bayan garin Manchester inda bas ba ya zuwa sai ya ga dama, aikin da ke riƙe da shi in kuɗin karatu sun makale a gida. Da ita kuma yake gangarowa unguwar Balsall Heath a nan Birmingham duk ƙarshen mako wajen Hikma, 'yar Alhaji Ziblim. An riga an kai gaisuwa, sa rana ake jira.

Bai daɗe da sayen motar ba 'yan sanda suka tsayar da shi, suka ga taya ɗaya ta suɗe sumul kamar kan jariri, suka rubuta masa maki uku a lasisi. Wannan ta wuce. Sai kwanan baya kyamara ta ɗauke shi a babbar hanyar M6, wajen da ake gyaran hanya, ya ɗan wuce ƙa'ida, wai yana sauri kada ya sa Alhaji jira. Takarda ta zo. Suka ce maimakon tara da wasu maki uku, zai iya yin kwas ɗin nan da ake tara direbobi a yi musu wa'azin gudu, in ya gama shi ke nan an yafe. Shi ya bayyana mini cewa sabon direba in makinsa ya kai shida kafin ya cika shekara biyu, karɓe lasisin ake yi gaba ɗaya, ya koma ɗan koyo. Uku da uku, ko ni da ban yi boko ba na san inda suka tsaya.

Ya zaɓi ya yi kwas ɗin ta kwamfuta. A Manchester kuwa gidan hayarsu su huɗu ne, akwai wani a cikinsu da ba ya soya ƙwai sai da waƙa. Sai ya ce in ara masa ɗakina ranar Asabar da hantsi, tunda dama zai zo gari. Ya zaunar da ni ya karanta mini dokoki kamar mai ɗaura aure: shi kaɗai a ɗaki, kyamara a kunne, fuskarsa kada ta bar gabanta, kada kowa ya shigo, ko kyanwa ce ta gifta ana iya korarsa. Ya ce in tsare masa ƙofa. Ya ce kada kowa ya ji, musamman gidan Alhaji, don kunya yake ji a ce surukin da ake yabo da natsuwa kyamara ta kama shi yana tsere. Har da dafa mini kafaɗa, wai ni kaɗai ya gaya wa duk Ingila.

Anti, tsakaninki da Allah, wa ya aike shi? Wa yake ba kura ajiyar nama, ya kuma ce mata ke kaɗai na yarda da ke? Ni kuma na ɗauka ƙarin gishirinsa ne na kullum. Na ce a raina ina ruwan Bature da wanda ke cikin ɗakina, shi yake biya mini haya?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tura saƙon murya a zauren wayar jama'ar masallacinmu. Na kwantar da murya kamar mai sanar da rasuwa. Na ce ɗan'uwanmu Ubaidullah yana da zama da hukuma gobe da hantsi a kan wata magana ta 'yan sanda, ta kwamfuta za a yi, a gidanmu. Na ce yaro ne mai kunya, ya ce kada a gaya wa kowa, amma ɗan mutane ne, baƙo, ba uwa ba uba a ƙasar nan, a taimaka a sa shi a addu'a. Ki duba da kyau, akwai ƙarya a ciki? Babu. Kuma ban ce kowa ya zo ba. Lissafina shi ne abokaina biyu ko uku su zo mu zauna a falo, in ya fito mu tare shi da sannu, ya muka ji da wannan abu, Allah ya kiyaye gaba, mu yi masa dariya mu watse. Abin da na manta shi ne Alhaji Ziblim yana cikin zauren. Ba yana ciki kaɗai ba, shi ya buɗe shi.

Asabar ta yi. Dakta ya sa farar taguwa ya ɗaura nakatayal a wuya, har da fesa turare, kamar kwamfutar tana da hanci. Ya shige ya rufe ƙofa, ni na zauna a matakala ina gadi. Ba a jima ba ƙararrawa ta yi ƙara. Liman ne da mutum biyu. Kafin in rufe ƙofa ga wasu. Sai ga Alhaji Ziblim cikin babbar riga, carbi a hannu, fuska ba annuri, bayansa maman Hikma ɗauke da kular wake da shinkafa irin tamu ta Kumasi. Mma, mahaifiyata, ba ta san komai ba, tana jin an ce 'yan sanda sai ta fashe da kuka, tana kuka tana ɗora tukunyar koko, don ko duniya za ta tashi ba a barin baƙo da yunwa. Takalma a soronmu kamar masallacin Idi.

Wallahi na yi ƙoƙari. Na tsaya a bakin ɗakin na ce wa Alhaji, Dakta ya ce kada kowa ya shiga. Alhaji ya dube ni daga hula har silifa, ya ce kai yaro, ni za ka tare wa ƙofa? Yaron da zan ba 'yata yana gaban alƙali shi kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama, mu muna waje muna shan koko? Matsa. To Anti, ke a wace makaranta aka koya miki tare dattijo? Na matsa. Ba zan ɓoye miki ba, lokacin hulata na cusa a baki don kada dariya ta kubce.

Alhaji ya tura ƙofa ya rangaɗa sallama. Ki tsaya ki auna halin da Dakta ya shiga. Ga mai koyar da kwas a gabansa, wata Baturiya mai furfura da tabarau, ga surukinsa a bayansa ya yi sallama. A zaune a kan kujera zai amsa wa uban matar da zai aura? Jikinsa ma bai yi shawara da shi ba. Ya cire abin sauraro daga kunne har wayarsa ta zare daga kwamfuta, ya sulale ƙasa ya durƙusa. A kwamfuta ba abin da ake gani sai kujera da labulena. Matar tana ta kiran sunansa tana karya shi gida uku. Ya yunƙuro rabi, gwiwa a ƙasa, kai a gaban kyamara, kamar raƙumin da ya rasa ko ya tashi ko ya kwanta. Ta tambaye shi ko akwai wani a ɗakin. Ya ce ta yi haƙuri minti ɗaya. A lokacin mutum bakwai ne a ɗakin, na takwas yana cire takalmi.

Alhaji ya shekara talatin da wani abu a ƙasar nan, amma bai taɓa riƙe sitiyari ba, bas mai lamba hamsin ita ce motarsa, saboda haka bai san wani abu wai shi kwas ba. Yana ganin furfura da tabarau ya yanke hukunci cewa ga alƙaliya. Ya jawo kujerar, ya gyara hula, ya kai fuskarsa jikin kyamara har ba a ganin komai sai hancinsa. Ya fara roƙo da Turancinsa na masana'anta. Wai yaron nan na kirki ne, salla biyar ba ta wuce shi, ko me ya yi sharrin Shaiɗan ne, shi zai tsaya masa, yana da gida nasa na kansa a Balsall Heath, in ana son takardun yanzu a aika a ɗauko. Ya ga sauran direbobin a 'yan ƙananan akwatuna a gefen allon kwamfutar, ya ɗauka su ma masu laifi ne da ke jiran a kira su, ya yi musu sannu, ya ce Allah ya fid da kowa. Wani mai sanƙo a ciki ya yi dariya har ya ɓace daga akwatinsa.

Sai Liman ya ce a yi Fatiha. Kowa ya ɗaga hannu. Dakta ma dole ya ɗaga, ai ba a yi maka addu'a kana naɗe da hannu. Yana cewa amin, yana juyawa yana ba matar haƙuri, amin, haƙuri, amin, haƙuri, gumi ya jiƙa nakatayal. Ta faɗi wata magana a kan sirrin sauran mutane da cewa ba za ta iya barinsa ya ci gaba ba. Allon ya yi baƙi ƙirin.

Alhaji ya shafa, ya ce Alhamdu lillahi, an sallame shi, kun ga amfanin jama'a. Aka ɗauki kabbara. Mma ta share hawaye ta rangaɗa guɗa. Aka baje a falo aka ci wake da shinkafa. Shi kuwa Dakta sai da ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya yana godiya, an gode da zumunci, Allah ya bar mu tare. Har yau Alhaji yana ba da labari a ƙofar masallaci yadda ya yi wa alƙaliya magana uku ta rufe shari'a.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Dakta bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji daɗi. Ya naɗe wayoyin kwamfutarsa a hankali, ya sa a jaka, ya dube ni ya ce na gode, ɗan Kawu. Bai taɓa kirana haka ba tun da aka haife mu. Ya shiga Hajiya Babba ya tafi, ko gidan su Hikma bai biya ba. Na kira har wayata ta yi zafi bai ɗauka ba. A bakin Mma na ji cewa an aiko masa saƙo wai bai kammala kwas ba, kuma maganar tana iya komawa hannun 'yan sanda.

Yanzu ga inda nake son shawararki. Akwai abokin aikina Fawaz, wanda ba abin da bai sani ba a ƙasar nan, ya kawo dabaru uku. Ta farko, in rubuta in ce ni ke tuƙi ranar, tunda ina da lasisin koyo fari fat ba ko ɗigo, maki uku ba za su yi mini komai ba, dama ni keke nake hawa. Ta biyu, a gaya wa masu kwas rasuwa aka yi, 'yan ta'aziyya ne suka shigo. Danginmu da yawa, ba za a rasa wanda ya cika a Zango a makon nan ba. Ta uku, inshorar Dakta za ta ƙare ƙarshen watan nan, kuma na san halinsa, zai je ya zazzage musu komai har da abin da ba su tambaya ba. Fawaz ya ce ya yi shiru da maganar kwas, ya yi shiru da makin taya, kamfani yana London taya tana Manchester, wa zai haɗa su?

Wacce za mu fara da ita? Sannan don Allah ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa taubashi ba ya fushi da taubashi, haka muka gada, don na san yana karanta shafinki. Na ɓoye sunana saboda sirri.

Naki,
Ubangidan Dakta, Handsworth

*

Wa alaikumus salam, Ubangidan Dakta.

Ka ɓoye sunanka saboda sirri, ka jero na kowa har da unguwa da lambar bas. Sunayen da masu karatu suka gani ni na sauya su, don kada ka tara wa yaron nan 'yan jaje karo na biyu ta hannuna. Na yi dariya da wasiƙarka, ba zan musa ba, sai da na ajiye tabarau a wajen hancin Alhaji. Amma ni dariyar ba ta ci mini lasisi ba.

Bari in raba laifin kowa ya ɗauki nasa. Ubaidullah shi ya taka mai, ba kai ka danna masa ƙafa ba. Inda ake gyaran hanya akwai mutane tsaye a gefen titi, su ma ana jiransu a gida. Alhaji da Liman niyyarsu fara ce, irin zumuncin da in babu shi da zaman ƙasar nan ya kashe mu, sai dai sun shiga inda ba a ba su izini ba. Matar kuwa aikinta ta yi. Sauran mutanen da ke cikin akwatunan nan an yi musu alkawarin ba wanda zai ga fuskarsu, ga shi rabin masallacin Handsworth ya yi musu sannu. Ragowar laifin, wato tsokar da ƙashin, naka ne, kuma kai mahauci ne, ka san abin da ke saura in an cire fata.

Ka ce babu ƙarya a saƙonka. Haka ne. Mai haƙa rami a bakin ƙofa ma bai tura kowa ba. Ka san mutanenka sarai, ka san ba Bahaushen da zai ji 'yan sanda da maraici a magana ɗaya ya zauna a gida. Kuma ba sai ka yi boko za ka gane dokar matar nan ba. A makarantar allon da ka yi an koya maka a yi sallama a bakin ƙofa, in ba a ce shigo ba a juya. An koya maka mene ne amana. Darasi ɗaya ne, ita dai tabarau ta sa masa.

Yanzu aiki. Ubaidullah, tunda an ce kana karantawa, da kai nake. Kada ka zauna fushi ya cinye maka lokaci. Ka kira masu shirya kwas ɗin da zarar sun buɗe, ka faɗa musu abin da ya faru yadda ya faru: 'yan'uwa suka faɗo ɗaki ba da saninka ba. Sau da yawa ana barin mutum ya biya kuɗin sake rajista ya zaɓi wata rana, muddin wa'adin da 'yan sanda suka ba shi bai cika ba. Wa'adin yana jikin takardarka, kai kuma ba a koya maka karanta takarda. In sun ce maganar ta bar hannunsu, ka tuntuɓi ofishin da ya aiko ta a rubuce, cikin ladabi, ka roƙi a sake ba ka dama. Ba dole ne su yarda ba, kada in yaudare ka. In sun ƙi, kada ka amsa tayin tara da maki sai ka ga lauyan da ya san harkar tuƙi, ko ka fara da ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arku, domin ƙa'idar maki shida ga sabon direba ba ta jin roƙo, ko na mai gida a Balsall Heath. In kuwa an ba ka rana, ka nemi kwas na cikin aji, a Manchester, inda ƙofar take da mai tsaron da ba ɗan Kawu ba.

Na dawo gare ka, Ubangidan Dakta, kai da Fawaz, wanda ba abin da bai sani ba. Dabararsa ta farko ita ce mafi muni. Cewa kai ke tuƙi alhali ba kai ba ne, ba laifin titi ba ne kuma, yaudarar shari'a ce, ana ɗaure mutane a kanta, wanda ya karɓa da wanda ya bayar. Ga ɗalibin da ke zaune da biza kuwa, ka san abin da ke biyo bayan ɗauri. Ban da haka, yaron ya riga ya amsa da hannunsa cewa shi ne direba, kyamarar kuma hoto take ɗauka. A ce ma sun yarda da kai. Ka shaida ke nan cewa ɗan koyo ya hau babbar hanya ba malami, a motar da inshorarta ba ta san da shi ba, mai motar kuma shi ya ba shi makulli. Wannan kaɗai ya isa a ɗora wa Ubaidullah makin da ya fi wanda kake son cire masa. Garin neman gira za ku rasa ido, ku haɗa da kan.

Ta biyu ba zan ɓata tawada a kanta ba. Matar ta ga ana roƙon alƙali, ba ta ga ana karɓar gaisuwa ba. Ka bar mutanen Zango su mutu a lokacinsu.

Ta uku tana da ɗan bayani. Kwas ba hukunci ba ne, ba ya hawa lasisi. In kamfanin inshora bai tambaya ba, ba dole ne mutum ya kai kansa ba, saboda haka Dakta ya rage zazzagewa. In sun tambaya kuwa, amsar ita ce gaskiya. Makin taya dabam ne, yana jikin lasisi, tambayarsa suke yi, kuma suna da hanyar dubawa ba sai sun zo Manchester ba. Mai ɓoyewa yana jin daɗi har ranar da ya bugi motar wani. Ranar ce za su buɗe littafi, su ce inshorar da ma ba ta ɗauru ba, su bar shi da ɓarnar, daga nan kuma duk kamfanin da ya nufa sai ya tambaye shi ko an taɓa soke masa. Ƙarin kuɗin da za su yi masa yana da ciwo, amma ciwon allura ne. Ya karanta tambayarsu da kyau, ya amsa abin da aka tambaya, ya gwada farashin wasu kamfanoni. Fawaz kuma a bar shi da wuƙa da sikeli.

Kai kuma ga naka. Ka je gidan Alhaji Ziblim kafin Juma'a, ka durƙusa irin durƙuson da ka sa wani ya yi, ka gaya masa ba alƙaliya ba ce, ba shari'a ba ce, ba a sallami kowa ba, kuma shigarsu ce ta sa aka kori yaron. Kai za ka faɗa, don suruki ba zai iya ƙaryata uban matar da zai aura ba, shi ya sa ya haɗiye ya tafi. In ka bari lasisin ya tafi Alhaji yana ba da labarin nasara, ranar da Ubaidullah ya sauko daga jirgin ƙasa maimakon Hajiya Babba za a fara tambayar me kuma ya sake yi. Daga nan ka koma zauren da ka yi shela, da muryar nan taka ta sanar da rasuwa, ka sanar da gaskiya. Kuɗin sake rajista daga aljihunka. In abin ya ƙi, lasisi ya tafi, to tunda ka ce kai ne ubangida, ubangida shi ke ɗaukar nauyin bawansa. Tikitin zuwa zance da kuɗin sabon gwaji sun hau kanka har ya sake ci, kuma kai ka faɗa mana da bakinka yadda yake cin gwaji.

Ka roƙe ni in rubuta cewa taubashi ba ya fushi. Ga shi na rubuta, amma da cikonsa: ba ya fushi da gishiri a koko, don koko ana dama wani. Abin da mutum ya sha wuya ya samu, yake ci da shi, yake neman aure da shi, ba ya cikin kayan wasa, kuma kakannin da suka bar mana wasan sun san haka. Kada ka ƙara kiransa a waya. Ka gama abin da na lissafa tukuna, labari zai je masa da kansa, ai ka ga yadda labari ke gudu a wajenku. Ranar da ya sake ce maka Ɓarawon Tsire, ka san an yafe.

Allah ya tsare wa Ubaidullah lasisinsa, ya sanyaya masa ƙafar dama, ya kai mu ranar biki lafiya. In an sa ranar sabon kwas, na roƙi kowa kada a gaya maka. In kuwa ka ji ta wata hanya, tun daren ka miƙa wa Mma wayarka ta kulle a cikin tukunyar koko.

Taku,
Anti Azara